Makarantarmu ba ta da labo, ta yaya zan koya wa yara fizik?

Tambayar ta zo ne daga wani matashin malami da aka tura wata kolej a wajen garin Maradi bana. An ba shi fizik, makarantar ba ta da labo, ko sikeli ɗaya babu. Yara suna hardace formil, amma da an juya musu tambaya kaɗan sai su yi tsaye cik. Yana son ya sani: a irin wannan hali ana iya koyar da fizik ta hanyar gwaji da awo, ko kuwa ya haƙura ya bi littafi har lokacin jarrabawar BEPC?

Ƙanena, ana iyawa, kuma kada ka haƙura. Na daɗe da alli a hannu ina koyar da wannan darasi, mafi yawan shekarun a azuzuwan da ba su fi naka kaya ba. Na kuma taɓa zama a makarantar da take da labo, an kulle kayan cikin kabad don kada su lalace, makulli yana aljihun mutum ɗaya, ƙura ta rufe kwalabe. Ɗiyan can ba su fi naka sanin fizik ba. Abin da ya fi labo ƙaranci a makarantunmu shi ne yaro ya auna abu da hannunsa, ya rubuta lambar da ya samu ba wadda yake zaton malam yana so ba, sannan ya iya faɗin iyakar yardarsa da ita. Wannan kuwa da zare da mitir ɗin tela da salula ɗaya ana samunsa.

Kada ka fara da littafi. Fara da abin da iyayensu suke awo da shi. Ranar farko ka sa yara biyar su auna tsawon tabulo da taƙi, wato daga babban yatsa zuwa na tsakiya a buɗe, ko da kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Dogo zai ce kamu 6, ƙaramar yarinyar gaba za ta ce 8, gardama ta tashi. Bar ta ta tashi. Sai ka tambaye su: in tela ya auna yadi da kamunsa, mai saye ya auna da nasa, wa ya yi ƙarya? Babu. Haka tiya take a kasuwa. Tiyar hatsi tana zuwa tsakanin kilo 2 da rabi da kilo 3, ya danganta da kwanon mai awo da yadda ya tara mata tozo, shi ya sa uwar kowane yaro a ajin take da mai awon da ta yarda da shi. Daga nan labarin mitir zai shiga kunnensu ba wuya. Mutanen Faransa sun sha irin wannan rigima, kowane gari da ma'auninsa, har a shekarun 1790 suka yanke cewa mitir shi ne kashi ɗaya cikin miliyan 10 na nisan da ke tsakanin layin tsakiyar duniya da ƙuryarta ta arewa. Shi ya sa kewayen duniya ya faɗo kusan kilomita 40,000 cif, ba dace ba ne. A 1889 aka ƙera sandar ƙarfe ta zama uwar mitir, aka ajiye kusa da Paris tare da dunƙulen da ya zama uwar kilo. A 1983 aka sauke sandar aka ɗaura mitir ga gudun haske, kilo kuma aka raba shi da dunƙulensa a 2019. Duk wannan wahala don mai awo biyu su daina musu ne.

Gwajin da zan roƙe ka ka zauna a kansa, ko da zai ci maka mako biyu, shi ne lilo, abin da littafi yake kira pandil. Kayansa zare mai ƙwari wanda ba ya miƙewa, da noti babba daga wurin makanike, da ƙusa a jikin ƙofa ko reshen dogon yaro a tsakar makaranta. Kafin ka taɓa komai ka sa su yi hasashe a rubuce: me zai sa lilo ya yi sauri ko ya yi jinkiri? Kusan duka za su ce nauyi. Wasu za su ce yadda aka ja shi nesa. Kaɗan ne za su ambaci tsawon zare. Su rubuta da bik, kowa ya sa hannu a ƙasan nasa, domin yaron da ya sa sunansa a kan magana shi yake zuba ido ya ga ko za ta tabbata.

Sai awo. Lilo mai tsawon mitir 1 yana ɗaukar kusan sakan 2 ya je ya dawo. Matsalar ita ce yatsan mutum a kan kuronon salula, wato agogon ƙirga sakan, yana makara ko ya yi gaggawa da kamar sakan 0.2. Kashi 10 cikin 100 ke nan. Kuma da yake lissafin g, wato yadda jan ƙasa yake ƙara wa abu mai faɗuwa gudu, wanda yake wajen 9.8, yana ninka lokacin da kansa (g daidai yake da 39.5 sau tsawo, a raba da lokaci sau lokaci), kuskuren ma ninkuwa yake yi. Wanda ya danna a 1.8 zai samu g ya haura 12, wanda ya danna a 2.2 zai samu 8 da ɗan kai. Rubuta dukansu a tabulo, kada ka share ko ɗaya. Ka tambaye su yadda za a yi, ka yi shiru. Shirun nan yana da wuya ga malami, na sani, amma a kowane aji akwai wanda zai ce, Mushe, mu ƙirga da yawa mana. Idan aka ƙirga zuwa da dawowa 20, lokaci ya zama kamar sakan 40, makarar yatsa tana nan yadda take, sakan 0.2, amma yanzu rabin kashi ɗaya ce cikin 100. Sai ka ga lambobin da suka watse sun taru tsakanin 9.7 da 9.9. Yaro ya gano da kansa yadda ake rage kuskure ba tare da an sayi sabon kaya ba, kuma babu babin littafi da ya kai wannan daraja.

Bari in ba ka labarin kunyar da na taɓa sha. Wata shekara, a ajin farko na lise, rukuni bakwai suka yi wannan awo, shida suka kawo mini g tsakanin 10.7 da 10.9. Sun yi murna ƙwarai, ai bakinsu ya zo ɗaya. Rukuni na bakwai, ƴan mata huɗu a bayan aji, sun samu 9.8, amma da suka ga kowa ya saɓa musu sai suka soke tasu suka rubuta 10.8 a gefe. Ni kuma na tsaya ina duba zare, ina zargin mitir, ina zargin iska. Sai da na tsaya kusa da wani rukuni na saurari ƙirgarsu. Da an saki noti mai ƙirga yake cewa "ɗaya". To ai lokacin da aka saki ba a yi komai ba tukuna, "sifiri" ne. Suna ƙirga 19 suna rubuta 20. Ka lissafa da kanka, 20 a kan 19 ka ninka shi da kansa, ka ninka da 9.8, za ka faɗo a wajen 10.86. Kuma ni na koya musu haka, da bakina na ƙirga a gabansu ranar farko. Ƴan matan nan sun tsira ne don mai ƙirgarsu tana da ɗabi'ar yin bisimilla lokacin sakin noti, sai ya dawo take cewa ɗaya.

Abu biyu na ɗauka daga ranar. Na farko, kuskure iri biyu ne. Akwai mai watsuwa hagu da dama, kamar na yatsa, wanda maimaitawa take rage shi. Akwai kuma mai jan kowa gefe ɗaya, kamar ƙirgar nan, ko mitir ɗin tela da ya tsufa ya miƙe, ko auna zare zuwa saman noti maimakon tsakiyarsa. Wannan ko sau 100 ka maimaita yana nan, haɗuwar baki ma ƙara ɓoye shi take yi. Na biyu, na kafa doka a ajina: kayen awo da bik ake rubuta shi, ba a gogewa, ba a yage shafi. In ka ga ka yi kuskure ka ja layi ɗaya a kai, ka rubuta dalili a gefe. Kuma ban ƙara ba da maki don kusancin lamba da ta littafi ba. Yaron da ya kawo 10.4 ya bayyana inda yake zargin ta karkace ya fi wanda ya kawo 9.81 tsaf ba tare da jerin awonsa ba. Na biyun ma na fi zarginsa, domin 9.81 ta Paris ce. A nan Maradi, da muke kamar digiri 13 da rabi arewa da layin tsakiyar duniya, g tana wajen 9.78. Bambancin ya yi ƙanƙanta da lilon aji zai gani, amma na gaske ne. Wani masanin taurari na Faransa, Jean Richer, ya kai agogon lilo Kayen a Kudancin Amurka a 1672, ya tarar yana makara da kamar minti 2 da rabi kullum, sai da ya rage tsawon lilon.

Da sun iya awon lokaci, sai ku koma ga hasashensu. A canza abu ɗaya kawai, a bar sauran. Ƙara noti na biyu a gefen na farko, lokaci bai motsa ba. Ja shi nesa kaɗan, bai motsa ba, sai dai in an wuce gona da iri, a wajen digiri 45 yana ƙaruwa da kamar kashi 4 cikin 100, don haka ku tsaya ƙasa da digiri 10 ko 15. Rage zare zuwa santimita 25, lokaci ya koma sakan 1: kwata na tsawo, rabin lokaci. Ka sa su yi tsawo biyar ko shida su ɗiga a takarda. Fuskar yaron da ya rantse da nauyi, ya ƙara noti uku yana neman bambanci bai samu ba, ita ce ladan aikinmu.

Sauran gwaje-gwajen ba sai na ja su ba, salonsu ɗaya. Saki dutse da takarda, dutse ya riga. Dunƙule takardar, su sauka kusan tare. Ɗora takardar a shimfiɗe kan littafi ka saki, ta bi shi ba ta rabu ba, sai su gane iska ce take riƙe ta. A 1971 ɗan sama jannatin Amurka David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata, inda babu iska, suka sauka tare, kuma bidiyon yana intanet in ka samu hanya. Faɗuwa tana da saurin da ido ba ya bi, shi ya sa Galileo na Italiya ya rage mata gudu, ya riƙa gangaro ƙwallo a kan katako mai kwari, yana auna lokaci da nauyin ruwan da ya zuba daga wani babban mazubi. Kai ma ka samu guntun kwanon rufi, ka tada kansa kaɗan da bulo, ka gangaro ƙwallon ƙarfe ta kwarinsa. In lokaci ya ninka, nisa ya ninka sau 4. Salula mai ɗaukar bidiyo tana ɗaukar hoto 30 a sakan ɗaya, kurono ce da ta fi yatsa nesa ba kusa ba. Akwai kuma manhaja ta kyauta mai suna phyphox, daga jami'ar Aachen ta Jamus, da take mayar da salula kayan awo. Tana da amfani, amma kada ka fara da ita. Yaron da bai sha wuyar ƙirga ba, lambar da allo ya nuna masa hadda ce kawai a sabuwar riga.

Yara za su kawo maka maganar rijiya, kullum suna kawowa: a jefa tsakuwa a auna zurfi da lokaci. Yi shi, da izinin mai rijiya, da tsakuwa ƙarama mai tsabta, kuma kada kowa ya leƙa. Rijiya mai mitir 20 tana ba da kamar sakan 2. Amma makarar yatsan nan ta 0.2 tana sa amsa ta yi yawo tsakanin mitir 16 da 24, kuma nan ba halin ƙirga 20. Sai ka sa su zura igiyar guga su auna ta. Tsohon da ya ce rijiyarsa gaba 12 ce ya fi su kusa da gaskiya. Wannan ma darasi ne, hanya mai formil ba kullum ta fi ba.

Akwai wata matsala da ban ga littattafanmu sun kula da ita ba, ta harshe. Yaro yana tunani da Hausa, yana rubutu da Faransanci. A Hausa "nauyi" ɗaya ne, fizik kuwa ta raba shi biyu, yawan abin da ke jikin abu da kilo, da jan da ƙasa take yi masa da niyuton. "Zafi" ɗaya ne, fizik ta raba digirin da tarmomita take nunawa da yawan zafin da abu ya sha. "Ƙarfi" ma yana ɗauke da abu uku ko huɗu. Ba laifin Hausa ba ne, Bafaranshen kan titi ma haɗa su yake yi. Bayani ba ya raba su a kan yaro, awo ne yake rabawa. Ɗora kofi ɗaya na ruwa da tukunya cike a kan wuta iri ɗaya na minti 3, a sa tarmomita. Zafin da suka sha kusan ɗaya, digirinsu ya sha bamban. Ka bar su su yi gardamar da Hausa, sai an fahimta a ɗora sunan Faransanci a kai. Haka za ka yi da litar ruwa da litar man gyaɗa a kan sikelin mai shago: ruwa kilo 1, mai kamar giram 910 zuwa 920. Duk ɗiyar da uwarta take matsar mai da ƙuliƙuli ta san mai yana hawa kan ruwa, yau sai ta samu lambar da take bayyana dalili.

Rana kuma ita ce kayan labon da ba wanda ya fi mu. Sau biyu a shekara take tsayawa daidai saman kan Maradi, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Na Agusta hutu ne ga hadari, na Afrilu shi ne naka. Kafa sanda a tsaye cak, ka daidaita ta da zare da noti, wajen 12 da rabi na rana inuwarta za ta shige ƙarƙashinta. In kana da abokin aiki a Agadas, ku yi waya a ranar, shi ma ya auna mafi gajartar inuwar sanda mai mitir 1. Zai samu kamar santimita 6, wato kusan digiri 3 da rabi. Nisan kudu da arewa tsakanin garuruwan biyu, ba ta hanyar mota ba, yana wajen kilomita 385. Raba 360 da 3.5, ka ninka da 385, ga kewayen duniya ya fito kusa da kilomita 40,000. Eratostan, wani masanin Girka, ya yi irin wannan a Masar fiye da shekara 2,200 da suka wuce, tsakanin Aswan da Iskandariya. Ka kuma gaya musu cewa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929, nan cikin jiharmu, masanin fizik ne, kuma rayuwarsa ta aiki ya ƙarar da ita kan makamashin rana, yana jagorantar ONERSOL, ofishin makamashin rana na Nijar. Gwajin da ya dace da sunansa mai sauƙi ne. Faranti baƙi mai faɗin santimita 20 kowane gefe, rabin litar ruwa a ciki, tsakar rana. Hasken rana mai kyau yana kawo kusan wat 1,000 a kowane murabba'in mitir, farantin zai samu wat 40. Kilo ɗaya na ruwa yana buƙatar jul 4,180 ya hau digiri ɗaya. A minti 10 ruwan ba zai wuce ƙarin digiri 11 da rabi ba. Za su samu ƙasa da haka sosai, kuma tambayar ina sauran ya tafi za ta kai ku ga iska, da tururi, da dalilin da ya sa ruwan randa yake sanyi.

Na san abin da yake zuciyarka: yara sun cika aji, awanni ba su isa ba, ga tsarin karatu da dole a gama. Gaskiya ne, kuma ba zan ce ka yi gwaji a kowane darasi ba. Ɗaya mai kyau a kowane babi ya isa. Raba su biyar-biyar, mai saki, mai ƙirga, mai kurono, mai rubutu, mai sa ido, a riƙa juyawa, kuma ka lura kada samari su riƙe salula su bar wa ƴan mata bik kullum. Lokacin da ka kashe a nan yana dawowa wajen jarrabawa, domin yaron da ya taɓa auna abu ba ya rubuta maka cewa keke yana gudun kilomita 900 a awa ya wuce ba tare da gabansa ya faɗi ba, ba ya kuma kwafo lamba tara bayan ɗigo daga kalkuleta alhali mitir ɗinsa milimita yake gani da ƙyar.

In hukumar makaranta ko iyayen yara sun ba ka ɗan kuɗi, ga inda zan sa su: tarmomita mai kaiwa digiri 110, ba ta asibiti ba, wadda iyakarta 42 ce kuma ruwan zafi yana fasa ta, miltimita ƙarama irin ta masu gyaran salula, sai ƙaramin sikeli. Da miltimita da pil na volt 1.5 da ƙwan tocila da ƴan wayoyi za ka yi babin lantarki gaba ɗayansa. Wutar gida ta volt 220 kuwa kada ta shigo gwajinka ko sau ɗaya, kuma ka faɗa musu da babbar murya, don akwai mai komawa gida ya gwada.

Litinin mai zuwa ka shiga aji da zare da noti uku da mitir ɗin tela. Ƙusar ka buga ta tun da yamma, ka gwada lilon kai kaɗai sau biyu, kuma ka fara ƙirga daga sifiri. In ka shigo gari ka biyo ta gida bayan la'asar, akwai tsohon sikelina da tarmomita biyu a akwati, ka ɗauka, ka zo mini da kayen yaranka in ga abin da suka samu.